Tsohon Harsashi a Kafaɗar Barewa

A shekarar da 'yan biyunmu suka tafi jami'a, a cikinta ne kuma aikin maigidana ya ƙare. Ya daɗe yana aikin kwamfuta da wani kamfani mai kwangila da ofisoshin gwamnati a garin Greenbelt, nan Amurka, sai rana ɗaya aka tara su aka ce kwangilar ta zo ƙarshe. Ni nas ce a sashen gaggawa na wani asibiti. In na fita da safe nakan bar shi a kujerar da ke bakin taga, in na dawo da yamma a nan zan same shi, shayin da na haɗa masa ya huce ko rabi bai sha ba. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi. Magana ce kawai ta ɗauke masa, har waƙar da yakan yi a banɗaki ya daina.

Bayan gininmu akwai ɗan kurmi, kuma barewa kan fito daga ciki su cinye furannin maƙwabta da alayyafon da nake shukawa a tukwane. Barewar nan ba irin tamu ta gida ba ce. Wata ta kusa kai ɗan maraƙi, ga rashin tsoro, sai ta tsaya tana kallonka kamar kai ne baƙo a wurin. Su ne maigidana yake wuni yana kallo. Wani lokaci in na shigo, labarin da zai ba ni ke nan, cewa yau uwa ta zo da 'ya'yanta, ko wani namiji ya karya ƙaho ɗaya.

A cocin da muke zuwa a Landover akwai wani dattijo, baƙar fata Ba'amurke, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas ɗin 'yan makaranta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Mu 'yan Najeriya Baba muke ce masa, yana kuma jin daɗin sunan. Shi ya fara lura maigidana ya bar zama cikin mawaƙan maza. Wata Lahadi bayan sujada na hango su a wurin ajiye motoci sun daɗe suna magana, Baba yana nuni da hannu kamar mai riƙe da wani dogon abu. A mota maigidana ya ce, "Maman biyu, Baba ya ce zai koya mini farautar barewa."

Na ce, "Da me?"

Ya ce, "Da bindiga mana."

Muka isa gida na ajiye jaka. Sannan na ce masa bindiga ba za ta kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ni ba, ko ta mene ne. Bai yi gardama ba. Ya ce Baba ya riga ya faɗi haka, a gidansa za ta zauna, cikin akwatin ƙarfe mai makulli inda nasa suke. Ya shiga ajin da hukuma ta wajabta wa duk mai son farauta, ya ci jarrabawa, ya samu lasisi. Daga nan suka fara zuwa filin koyon harbi, shi da Baba, suna harbin takarda.

Gaskiya na ga canji. Ya koma tashi da wuri, ya koma aski. Abin da na kasa jurewa shi ne hirar. Mutumin nan in ya kama abu sai ya bi shi har gindinsa, kuma abin da ya kama shi ne gudun harsashi. Wata rana muna cin tuwon semo da miyar kuka ya ɗauki ƙwayar gyaɗa daga kwano ya fara yi mini darasi. Ya ce harsashi tun daga bakin bindiga yake fara rage gudu, iska tana tare shi, ƙasa tana jansa. Ya ce an ƙera na farauta ne yadda in ya shiga jiki da isasshen gudu kansa zai buɗe ya yi faɗi, ya yi aikinsa nan take. In ya iso a gajiye ba zai buɗe ba, sai dai ya huda ya tsaya. In kuma gudun ya yi yawa a kusa, yana iya farfashewa ya ɓata nama. Yana magana yana tura gyaɗar a kan tebur, fuskarsa tana haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

Na ajiye cokali. Na ce, "Baban biyu, ni kake koya wa abin da gudun harsashi yake yi?"

Ya tsaya.

Na ce masa a wurin aikinmu ba ma tambayar sunan bindiga, raunin ne yake gaya mana. Na ƙaramar bindigar hannu yakan bar hanya kamar ta ƙusa, likitan tiyata ya bi ta ya ɗinke abin da ya tarar. Mai gudun nan da yake yabo kuwa, daga waje 'yar ƙofa ce da yatsa zai rufe, amma in an buɗe ciki sai a ga hanta kamar an daka ta a turmi, har wuraren da harsashin bai taɓa ba. Na ce ni ce nake fita in gaya wa uwa ta zauna tukuna, likita yana zuwa. Muryata ta tashi fiye da yadda na so. Ban taɓa kawo masa irin wannan maganar gida ba, nakan bar ta a asibiti tare da takalman aiki.

Miyar ta fara daskarewa a kwano. Sannan ya ce, a hankali, "Na ji ki. Ban yi tunanin wannan ba, ki yi haƙuri." Ya ɗan jima ya ƙara da cewa mahaifinsa a ƙauyensu na kudancin Kaduna maharbi ne, da bindigar toka wadda maƙeri ya haɗa. Ana ɗura mata albarushi da guntayen ƙarfe, ƙararta ta cika daji amma ƙarfinta kaɗan ne. Ya ce sau da yawa gada takan tafi da ƙarfen a cikinta, su bi jini da karnuka tun safe har rana ta karkata, wani lokaci su same ta kwance tana numfashi tana kuka, wani lokaci ba su same ta ba sai ungulu su nuna musu bayan kwana biyu. Ya ce, "Kukan nan har yau ina jinsa. In zan harbi dabba, so nake ta mutu kafin ta san abin da ya same ta. Shi ya sa nake ta wannan lissafin."

Ban ce na yarda ba. Na dai tashi na ɗumama miyar, muka ƙarasa cin abinci.

Da aka buɗe lokacin farauta, bayan bikin godiyar da ake yi a nan ƙarshen Nuwamba, suka fara fita. Baba ɗan ritaya, shi kuma ba aiki, don haka har ranakun aiki suna tafiya. Kullum sai ya dawo da laka a takalmi da yunwa kamar ta manomi, amma ba nama. Da farko na ce rashin sa'a ne. Da abin ya yawaita na tare Baba a coci na ce, "Baba, wai barewar da ta hana ni cin alayyafo a bayan gida, ita ce ta ɓace muku a daji?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "'Yata, muna ganinsu kullum. Mijinki ne ba ya harbi. Ki zo ki gani da idonki."

Ban san abin da ya sa na amsa ba. Wataƙila so nake in ga inda mutumin da nake aure yake samo wannan sabuwar fuskar. Ranar Alhamis ba ni da aiki, na ce zan je.

Gonar tana kudancin Maryland, ta wani tsohon abokin Baba ce wanda barewa suke yi wa ɓarna a waken soya, don haka murna yake yi da zuwan mafarauta. An riga an girbe, fili ya zama fetal, kurmi ya kewaye shi ta gefe uku. Suka ba ni riga da hula masu ruwan lemo mai ɗaukar ido, wai doka ce, don kada wani maharbi ya ɗauke ka dabba. Muka shiga wata 'yar bukkar katako a bakin fili, mai dogon tsagi a maimakon taga, muka zauna a kan benci mu uku. Gari yana wayewa, sanyi yana shiga ta tafin ƙafa. Na sa safa biyu amma kamar ban sa ba.

Da haske ya ƙaru na hango wani turke a tsakiyar fili da ƙyalle ɗaure a kansa. Na tambaya da raɗa. Baba ya ce iyaka ce. Ya ce a wannan yankin, saboda gidaje ba su da nisa, ba a yarda da manyan bindigogin nan masu kai harsashi can nesa ba. Tasu harsashinta mai nauyi ne, gudunsa matsakaici, yana saurin gajiya ya sunkuya ƙasa. Sun gwada ta a filin harbi sun ga inda ƙarfinta yake fara raguwa, shi ne suka auna suka kafa turken. Daga bukka zuwa wurin bai fi tsawon filin ƙwallo da 'yan kai ba. Duk abin da ya tsaya bayan ƙyallen, kallo ne nasu.

Muka zauna. Ban taɓa sanin shiru yana da ƙara haka ba. Kurege yana tsalle a busasshen ganye sai ka ce mutum ne yake tafiya. Maigidana yana gefena, bindiga a kan gwiwa bakinta yana kallon waje, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Ko motsi ba ya yi. Wannan zaman ya bambanta da na bakin taga, duk jikinsa a farke yake.

Can sai Baba ya taɓa gwiwata. Daga ƙarshen fili wani namiji ya fito, ƙato, ƙahonsa kamar rassan bishiya, wuyansa kauri. Ya tako a hankali, yana tsayawa yana shaƙar iska. Ya zo har ya kusa turken, sannan ya tsaya daga bayansa, ya juya mana gefensa gaba ɗaya. Rana ta fara taɓa bayansa. Maigidana ya ɗaga bindiga ya ɗora a kan katako, ya sa ido a madubin saiti. Na ga yatsansa a miƙe a gefe, bai kai shi kan kunamar bindigar ba.

Tazarar da ke tsakanin dabbar da ƙyallen a idona ba wani abu ba ce. Sai na ji bakina yana cewa, "Harba mana." Ni da kaina, wadda ta ajiye cokali a kan tebur.

Bai ɗago ba. Ya girgiza kai kaɗan. Namijin ya sunkuya ya ci wani abu, ya ɗago, ya kalli wajenmu, sannan ya juya ya koma kurmi ba tare da gaggawa ba. Maigidana ya sauke bindiga ya saki dogon numfashi. Ya ce da raɗa, "Zan same shi, ba wannan ce matsalar ba. Amma kafin harsashin ya isa ya sauka ƙasa da inda na saita, ƙarfinsa kuma ya ragu. Ƙafa zan karya masa ko in fasa masa ciki, ya tafi da shi." Baba ya jingina da bango yana murmushi, ya ce wannan shi ne na nawa da suka yi wa sallama a makon nan. Ya buɗe fulas ya zuba mana kofi a murfi, muka sha bi da bi.

Rana ta ɗaga sosai, har na fara tunanin tafiya, sai wata ta fito ta hannun hagu, kusa da mu ƙwarai. Mace ce babba, ita kaɗai, ba ɗa a bayanta. Tun takunta na farko na ga tana ɗingishi. Aikina ya koya mini kallon tafiya, ƙafar gaba ta dama ba ta son ɗora mata nauyi, tana saurin ɗauke ta. Ta shigo fili can cikin iyaka, tana fuskantarmu. Maigidana ya saita ya jira. Ya jira har na gaji da riƙe numfashi. Da ta juya ta ba da gefe, Baba ya yi mini alama, na toshe kunnuwa.

Duk da haka ƙarar ta bugi ƙirjina. Barewar ta yi tsalle, ta ruga, kafin in sauke hannuwana daga kunne ta faɗi a gefen fili. Ƙafarta ta motsa kaɗan, shi ke nan.

Baba ya ce mu ɗan dakata tukuna, haka ake yi. Ya karɓi bindigar ya cire sauran harsashin. Na kama hannun maigidana na riƙe cikin nawa. Sanyi ƙalau yake, kuma ya jiƙe da gumi.

Da muka isa wurinta Baba ya cire hula ya yi gajeriyar addu'a, ya gode wa Ubangiji da ya ba da abinci. Idonta a buɗe, jikinta da ɗumi. Maigidana ya durƙusa ya shafa wuyanta ya daɗe. Sannan ya kira lambar hukuma ya shaida musu kamar yadda doka ta ce, suka fara aikin fitar da kayan ciki. Na zaro safar hannu daga jakata, ba na rabo da su, na ce su matsa in gani.

Abin da na sani ne na gani. 'Yar ƙofa a bayan kafaɗa, wata mafi faɗi a ɗaya gefen inda ya fita, huhu biyu kuma sun tashi daga aiki. Hannuna ya san wannan ɗumin, hancina ya san wannan warin. Amma kuma na san abin da raunin yake nufi, jini ya daina kai wa ƙwaƙwalwa kusan nan take. Ba ta daɗe ba. Na gaya wa maigidana haka, da irin muryar da nake gaya wa dangin majiyyaci gaskiya. Ya kalle ni ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata.

A ɗakin ajiyar kayan mai gonar suka rataye ta suka fara fiɗa. Ina taya su jan fata sai yatsana ya ci karo da wani ƙullutu a kafaɗar dama, can cikin tsoka kusa da ƙashi, mai tauri kamar goro. Na karɓi wuƙar Baba na tsaga a hankali. Wani farin nama mai kauri ya naɗe abin ta ko'ina, irin wanda jiki yake ginawa in ya kasa fitar da baƙon abu. Na matsa, sai ga shi ya faɗo tafin hannuna. Harsashi ne, tsoho, ya yi baƙi. Kansa bai buɗe ba, ɗan lanƙwasa kawai ya yi a gefe.

Baba ya sa tabarau ya juya shi a haske. Ya ce wannan ya kai shekara a jikinta, ko fiye. Ya ce daga nesa aka harbo shi, ya iso ba sauran gudu, ƙashi ya tare shi ya zauna. Maigidana ya ce wane irin mutum ne zai yi haka, ransa ya ɓaci ƙwarai. Baba ya ce, "Kada ka zage shi, ɗana. Wataƙila ranar ƙarshe ce ta farauta kuma firizarsa ba komai. Wataƙila sabon shiga ne ba wanda ya kafa masa turke." Ya jefa harsashin cikin wani gwangwanin tsofaffin ƙusoshi da ke kan taga.

Ni tunanina ya tafi wani wuri. Akwai mutanen da suke zuwa mana da ciwon wani abu dabam, a ɗauki hoton ƙirji ko na ƙugu, sai ga ɗan farin abu a zaune. In ka tambaya su ce ai tun suna samari ne, likita ya ce cire shi ya fi barinsa haɗari. Sukan ce ba ya damunsu sai lokacin sanyi. Na tuna yadda barewar ta tako a kan daskararriyar ƙasar nan da safe tana ɗauke ƙafa, na fita waje na tsaya a rana na ɗan lokaci. Ba wanda ya biyo ni, na kuma gode musu da hakan.

Naman ya cika firiza har da na ajiyewa a gidan Baba. Na kai wa maƙwabciyata, 'yar Nijar mai sayar da atamfa da turare, cinya guda. Ta tambaya ko an yanka, na gaya mata gaskiyar yadda aka yi. Ta yi godiya sosai ta ce ba za ta iya karɓa ba, amma ta shiga ciki ta fito mini da ƙullin yajin kilishi na garinsu, ta koya mini yadda zan busar da naman a oben da wuta ƙasa-ƙasa, ƙofa a ɗan buɗe. Bai yi kamar na gida ba, amma ya ciwu. Da 'yan biyu suka zo hutun Kirsimeti, ɗaya ta ce da Turanci ita ba za ta ci abin da take gani a bayan gida ba, ɗayar kuwa ta cinye rabonta da na 'yar'uwarta. Baba na yi wa farfesun haƙarƙari na kai masa. Barkono ya sa shi hawaye da tari, yana share ido yana miƙo kwano a ƙara masa.

Ban sake bin su ba. Ƙarar nan ta kwana biyu a kunnena, kuma ranar da na koma aiki aka kawo wani saurayi da rauni a cinya, na ga sau ɗaya ya ishe ni. Maigidana bai matsa mini ba. Da bazara ya samu aiki a wata kwaleji, albashin bai kai na da ba amma yana son wurin, yana kuma ɗaukar hutunsa a ƙarshen Nuwamba. Idon Baba ya yi rauni yanzu, ya daina harbi, ya daina tuƙi in ba cikin unguwa ba. Maigidana ne yake zuwa ya ɗauke shi, ya riƙe masa hannu a kan kunyoyin gona har bukka, ya lulluɓa masa bargo a gwiwa. In wani abu ya fito sai ya riƙa gaya masa da raɗa, mace ce ko namiji, ta ina ta ɓullo, tana gaban ƙyalle ko bayansa. Bana sun fita sau da yawa, sun samu ɗaya ƙarami. Ranar ƙarshe da suka biyo ta gida don in ba Baba maganin hawan jininsa da na karɓo masa, na leƙa mota na same shi yana barci a kujerar gaba da hular ruwan lemo a kansa, sai na miƙa wa maigidana ledar ta taga na ce ya ja a hankali.